Lambar da Na Hana Malama Tabita

Ku samarin da kuke koyon aiki a shagona kun iya cewa, "Oga, ai wannan simpul ne." Kwamfuta ta ƙi ganin 'yar'uwarta, sai ku ciro waya daga aljihu, ku kwafo layi biyu da wani ya rubuta, abu ya tashi, ku yi ta tafawa kamar ku kuka ƙirƙiro shi. Ba wanda ya taɓa tambaya a cikinku wa ya sha wahalar layin nan, ko me ya sa ya bar muku shi a fili. Ni Ishaya, mutumin Kagoro, wanda karatunsa ya tsaya a aji uku na sakandare, na taɓa samo irin wannan layi da kaina. Ban bar shi a fili ba. Saboda haka wata malama ta rasa aikinta, aka kuma rufe ɗakin kwamfutar da ta buɗe wa yara. Zan faro muku daga tushe.

Aikin farko da na ga an yi a gabana rediyon wani Bafulatani ne da ake kira Ardo Jibo. A shagon Baba Garba ne, kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, inda babana ya kai ni koyon gyara a shekarar da aka yi rikicin farko a garin nan. Kayan aikinmu ba su cika tire ɗaya ba: ƙarfen liƙi da muke ɗorawa a kan garwashi in an ɗauke wuta, dalma, mita mai allura, sukundireba uku, tsohon buroshin haƙori da reza. Ranar kasuwa Fulani sukan zo da rediyoyinsu a cikin jakar saƙa, su jeru a gindin mangwaro suna jira. Baba Garba ya buɗe na Ardo, ya sa mita, ya ciro wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, ya liƙa sabo. Rediyo ya yi magana. Sai ya ɗauki reza ya kankare lambar da ke jikin sabon tas, kafin ya mayar da murfi.

Ardo ya leƙo ya ce, "Kaɗo, me ya same shi?"

"Aljani ne ya shiga, na fitar."

"To wannan aljanin naka duk bayan wata uku yake dawowa, kamar mai karɓar jangali."

Aka yi dariya, Ardo ya rataya rediyonsa ya tafi. Na ce, "Baba, me ya sa ka kankare lambar?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ɗan Kagoro, in na bar ta, gobe ya kai wa na bakin kasuwa, ya karanta, ya sayo irinta. Ni kuma in ci me? Abin da ka sani kar ka bar shi a rubuce."

Ba zagin Baba Garba nake yi ba. Musulmi ne, ni Kirista, kuma ranar da gari ya hargitse shi ya kulle ni a cikin shago ya zauna a bakin ƙofa har ƙura ta lafa. Amma haka sana'ar take a lokacin. Mai gyaran agogo yana juya wa mai agogo baya in zai buɗe. Makanike yana aiken yaronsa sayen ruwa in ya zo wurin daidaita kabureta. Ni ma abin da na koya rabinsa satar kallo ne. Da na samu 'yanci na buɗe nawa shagon, reza ce farkon abin da na saya.

Daga rediyo na koma talabijin da bidiyo da sitabilaiza. Da kwamfuta ta fara shigowa shagunan buga takardu a tsakiyar shekarun casa'in, aka fara kawo mini akwatin wutarta in ya ƙone, don cikinsa bai bambanta da na talabijin ba sosai. Da haka aka fara cewa Ishaya ya iya kwamfuta. Ban iya ba. Ban kuma ce ban iya ba.

Kwamfuta shida ne aikin da ya kai ni wata makarantar mishan a gindin dutsen Kagoro. Wata majami'a ce daga ƙasar waje ta aiko da su, tsofaffi, an riga an more su. Ɗaya babba ce, muna ce mata uwa, biyar kuma 'ya'ya. 'Ya'yan ba su da ma'ajiyar kirki a cikinsu, komai daga uwa suke ɗauka: darasi, rubutu, har abin da zai tashe su. Abin da ya haɗa su wata baƙar waya ce irin ta eriyar talabijin, ta bi daga wannan zuwa wancan, an rufe ƙarshenta da ɗan murfin ƙarfe. Kowace kwamfuta tana da kati a bayanta inda wayar take shiga. In katin nan ya yi shiru, allon yaro ya daskare, ko harafi ɗaya ba zai shiga ba.

Mai kula da ɗakin ita ce Malama Tabita, 'yar Nok, ta yi karatu a Zariya. Kwamitin makaranta ya ɗauke ta na shekara ɗaya a kan sharaɗi: masu duba makarantu za su zo daga Kaduna, in sun amince a ci gaba da koyar da kwamfuta, an tabbatar da ita, in ba su amince ba, a rufe ɗakin ta kama gabanta. Kowa ya san da wannan, ni ma ta gaya mini tun ranar farko.

Shekarar kuma ita ce ta wahalar mai. Layin motoci a gidan mai har yakan kwana, wutar gwamnati sai a yi sati ba a gan ta ba. Firinsifal ya ce janareto sau ɗaya za a tayar a yini, da hantsi, duk mai bukatar wuta ya yi nasa a lokacin. Ofis ya yi bugu, ɗakin kwamfuta ya yi darasi, kicin ya yi niƙa. Kuma kusan kullum ana cikin darasi sai alluna su daskare. A jira, su dawo, su sake daskarewa. Na canja murfin ƙarshen waya. Na sake liƙa duk mahaɗai. Na goge ƙafafun katin da buroshi da sifirit. Na auna wayar da mita tun daga uwa har 'yar auta. Ban ga komai ba.

Malama Tabita ce ta ce mini wata rana, "Ishaya, ajiye wannan ƙarfe naka ka zo ka gani. Kati ba shi da wayo. Akwai rubutu da yake gaya masa yadda zai yi, sunansa direba."

"Kamar direban mota?"

"Kamar shi. Amma wannan ba ya shan burkutu."

Tsarin da ke kan kwamfutocin Linux ne, ya zo a faifai ɗaya tare da wani littafi mai kauri. Kyauta ne, kuma ba a rufe cikinsa ba. Ta buɗe mini rubutun direban a allo. A can sama akwai jerin bayanai, kowane da sunan mutum: wane ya gyara kaza saboda kaza, wane ya ƙara kaza. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Ta ce, "Al'adarsu ke nan. Duk wanda ya gyara abu, ya rubuta me ya yi, ya bar wa na baya."

Na ce, "To su da me suke cin abinci?"

"Kai dai ka karanta."

Ita ta koya mini karanta shi, layi layi, bayan an tashi makaranta, da littafin a kan cinyarta. Ita ta nuna mini inda kwamfuta take rubuta ƙorafinta, ta kuma fassara mini saƙon da yake ta maimaituwa: lokacin aikawa ya wuce, an sake tayar da kati. Ita ta koya mini yadda ake mayar da rubutu ya zama abin da inji zai yi aiki da shi. Tana kiransa da Turanci, ni na sa masa suna dafawa. Abin da ba ta da shi lokaci ne, don an ɗora mata lissafi a aji huɗu ban da kwamfuta. Abin da kuma take tsoro shi ne taɓa ƙarafan cikin inji. Katin da aka aiko na ajiya tsawa ta riga ta ƙona shi a farkon zuwansu, shidan da suka rage in ɗaya ya tafi ba inda za a samo wani sai Legas.

Kunne ne ya ba ni amsar. Mai gyaran rediyo da kunne yake aiki. Ina zaune a bayan aji wata rana sai na ji janareto ya nisa, muryarsa ta sauka, daga kicin kuma injin niƙa ya ɗauka. Kafin in juyo alluna sun daskare. Washegari na sake kasa kunne, haka. Na zagaya bayan gini na duba: baƙar wayarmu ta bi bango ɗaya da wayar wutar da ta tafi kicin, an ɗaure su tare da ƙusa ɗaya a wuri uku. Duk lokacin da inji ya ci masara ya yi nauyi, sai ya zuba wa wayarmu hayaniya, kati ya aika saƙo bai isa ba, ya sake aikawa, ya sake. Ban gaya wa kowa ba. Na ce da Malama ta ara mini kwamfuta ɗaya da faifan da littafin in je shago in yi bincike. Ta ba ni, har da kuɗin mashin.

Ga yadda abin yake, ku saurara, don har yau yana nan a cikin direbobin da kuke kwafowa. A cikin direba akwai mai gadi, da agogo a hannunsa. In an ba kati saƙo, mai gadi ya fara ƙirga. In ya kai adadin da aka yanka masa kati bai ce ya gama ba, sai ya ɗauka kati ya suma, ya kashe shi ya sake tayarwa, saƙon da ke hanya ya zube. Agogon yana bugawa sau ɗari a daƙiƙa ɗaya, adadin da aka rubuta kuwa ashirin ne. Ƙiftawar ido ke nan. Wanda ya rubuta wannan lamba a ƙasarsu waya shiru take, wuta ba ta rawa. Bai taɓa zama a tashar Kafanchan yana jiran jirgin Fatakwal ba, da ya san cewa abin da ya makara ba lallai ya mutu ba. Katinmu lafiyarsa lau, ƙoƙari yake yi a cikin hayaniya, mai gadi ne ba shi da haƙuri. Kafin ya miƙe an sake kwantar da shi.

Canja lamba ɗaya, in ji ku, simpul. Na haɗa kwamfutar makaranta da wata tsohuwa da nake da ita a shago, na nannaɗe wayar a jikin injin tsohon firij don ya yi mini hayaniyar injin niƙa. Na mai da ashirin hamsin, na ɗora dafawa. A irin injinmu na lokacin dafawa rabin yini take ci, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya sai a koma farko. Sau nawa na zauna ina kallon rubutu yana gudu a allo, saura kaɗan, fanka ta tsaya. Da hamsin ta dahu, na kunna firij, allo ya daskare. Na fusata na sa dubu. Da dubu hayaniya ba ta kayar da shi, na yi murna. Amma ran nan katin ya sume da gaske, kamar yadda tsohon kati yakan yi, sai mai gadi ya zauna yana ƙirga abinsa, kwamfuta ta yi tsit har na ɗauka ta mutu. Aji guda na yara ba za su yi wannan zaman ba sau biyar a darasi. Ashe in tazarar ta yi gajarta a kashe mai rai, in ta yi tsawo a zauna gadin gawa. Na yi ta saukowa ina hawa, kowace lamba da rabin yininta, har na tsaya a ɗari uku, wato daƙiƙa uku. Sati nawa ya ci ban riƙe ba. Na dai san an yi shukar citta an gama ina kan lamba ɗaya.

Nan ne ya kamata in hau can saman rubutun in ƙara layina a ƙarƙashin na mutanen nan, in kai wa Malama ta gani. Ga abin da na yi. Na kwafi dafaffen kawai a ɗan faifai, na kai makaranta ranar Asabar da ba kowa sai mai gadin ƙofa, na zuba shi a cikin uwa. Rubutun da ke cikinta na bar shi da ashirin ɗinsa. Sannan na ciro katunan shida ɗaya bayan ɗaya, na kankare lambar da ke kan babbar ƙwayar kowanne da reza, na ɗiga dalma a wani gurbi da ba ya haɗe da komai, don duk wanda ya duba ya ga an yi aiki.

Ranar Litinin aka yi darasi daga farko har ƙarshe, injin niƙa yana ta kuka, ba allon da ya tsaya. Malama Tabita ta riƙa zagaya yara tana dariya ita kaɗai. Da aka tashi ta ce, "Ishaya, Allah ya yi maka albarka. Me ka canja? Mai gadin cikin direban nan ne, ko? Zo ka nuna mini, mu rubuta."

Na ce, "Aikin ƙarfe ne, Malama. Na daidaita katin da dalma, na daidaita direban da shi. Yanzu su biyun a ɗaure suke. In kika taɓa wata lamba a cikin rubutun nan ba ta yi daidai da liƙina ba, kati zai ƙone."

Ta ciro ɗaya ta duba, ta ga dalma, ta ga kankara. "Lamba tana ƙona kati?"

"Ke kin san littafi, ni na san wuta."

Ta ce, "Ni na buɗe maka wannan rubutu fa."

"Ai ke ma ba ki ba ni digirinki ba."

Ban manta yadda ta mayar da katin ba, a hankali, da hannu biyu. Daga ranar Firinsifal ya fara ce mini Injiniya. Aka sa ni zuwa duba inji duk wata. Labari ya kai shagunan buga takardu, ya kai sakatariyar majami'a, aiki ya fi ƙarfina. Na ɗauki yara biyu, na riƙa aikensu sayen ruwa in na zo wurin da ya dace.

Ma'ajiyar uwa ce ta mutu a tsakiyar damina, a satin da masu duba makarantu za su zo. Tsohuwa ce dama, ta yi ƙara kwas kwas ta tsaya. Malama ta shiga mota ta tafi Jos ta samo wata, ta dawo ta zuba komai sabo daga faifan asali, ita kaɗai. Ta yi daidai, ba ta kuskure komai ba. Sai dai abin da ke cikin faifan asali direba ne mai ashirin. Da aka tayar da janareto alluna suka koma daskarewa.

Ina Jere a lokacin, ina ɗaura talabijin da bidiyo a wani gidan abinci a bakin hanyar Abuja. Wani direban bas ɗan garinmu ya tsaya ya leƙo. "Injiniya, Malamar kwamfuta ta ce ka zo yau yau, wai abu ya lalace, baƙi suna zuwa." Aikina na Jere ya riga ya ƙare. Da na bi bas ɗin nan da na isa da sauran lokacin da zan dafa direba sau uku. Na ce masa ya ce ina zuwa. Na zauna na ƙara kwanaki ina cin tsire ina kallon manyan motoci, don Baba Garba ya koya mini cewa mai gyaran da ya zo da wuri ba a sanin darajarsa. Lissafina shi ne ɗan faifaina yana shago, minti goma aikin zai ɗauka, in shigo a ƙurarren lokaci in ceci kowa.

Da safen ranar zuwan baƙin na biya shago na ɗauko faifan daga gwangwanin da nake ajiye su. Kun san daminar ƙasarmu. Na ja ɗan ƙarfen murfinsa na ga fumfuna ta yi fari a kai. Na goge da gefen riga, na hau mashin. A makaranta uwa ta juya shi ta juya, ta ce ba ta ga komai ba. Dafawa rabin yini ce. Motar baƙi tana gindin bishiya tun kafin in iso.

Su uku ne, babbansu wani dattijo mai kwat da jakar hannu. Malama ta jera yara a kan kwamfuta biyar, ta fara darasi, muryarta ba ta rawa. Minti na farko lafiya, na biyu lafiya. Ina tsaye a bakin ƙofa kusa da Firinsifal. Sai na ji janareto ya nisa. Matan kicin ne suka tayar da inji, suna niƙa tumatir da tattasai na abincin baƙin. Alluna biyar suka daskare tare.

Daga inda nake tsaye zuwa kicin bai kai nisan shagon nan da bakin titi ba. Magana ɗaya ce: Mama, a kashe injin nan sai baƙi sun fita. Da an yi darasin har ƙarshe. Amma in na faɗa, Malama za ta juyo ta dube ni, ta gane cewa na san dalilin tun tuni, ta gane dalma ta banza ce. Na tsaya ina jin injin yana cin tattasai.

Dattijon ya duba agogonsa. "Malama, wannan shi ne darasin?"

"Sa, zai dawo, a ɗan ba shi lokaci."

Ya dawo, yaro ya buga harafi uku, ya sake tsayawa. Wata yarinya ta fara kuka. Firinsifal ya matso kusa da ni, ya yi magana yadda duk ɗakin zai ji. "Injiniya, ba kai ka gyara wannan abu ba? Me ya faru?"

Na ce, "Sa, ai na ce kada a taɓa."

Baƙi suka tafi cin abinci. An ce miyar ta yi daɗi.

Ba a amince ba. Aka kwashe kwamfutocin aka kai sito, aka mai da ɗakin wurin ajiye buhunan masara. Ƙarshen shekara kwamiti ya gode wa Malama Tabita ya sallame ta, kuma maganar da ta bi ta ita ce ta yi karambani ta lalata kayan mishan, don haka ba makarantar da ta sake ba ta inji. Ni kuwa ba abin da ya same ni. Sunana ma ƙaruwa ya yi, ana cewa abin da Ishaya ya ɗaura ba mai digirin da zai iya kwancewa. Da wannan sunan na gina shagon da kuke zaune a ciki. Bayan shekaru aka kira ni in duba kwamfutocin sito ko za su sayu. Ɓera ya cinye wayoyin, ya yi sheƙa a cikin uwa. Katunan shida kuwa lafiyarsu lau, da ɗigon dalmana a kai.

Na daɗe ban je Nok ba, inda ta koma, ina kewaye hanyar. Sai da na yi wata jinya na tashi, kafin Jibin Ubangiji na ƙarshen shekara, wanda mu Kirista ba ma ci da haƙƙin wani a kanmu, na hau mashin na tafi. Aka nuna mini gidan. Tana koyarwa a firamaren ƙauyen, ranar kuma Asabar ce, na same ta a kan falalen dutse a bayan gida tana juya cittar da aka tsaga aka shanya. Ta yi furfura. Ta gane ni tun daga nesa.

"A'a, Injiniya. Wani abu ya lalace a Nok?"

Na gaishe ta, na tambayi gida, na tsaya. Sannan na faɗa mata duka: injin niƙa, wayar da ke bango, dalma, reza, Jere, ƙofar aji. Ba ta daina juya citta ba. Da na gama na ce, "Malama, na zo neman gafara."

"Na yafe tun tuni. Fasto ya ce dole ne, ban da zaɓi." Ta kakkaɓe hannu. "Abu ɗaya nake so in sani. Nawa ne lambar?"

"Ɗari uku."

Ta gyaɗa kai. "Ranar da na dawo daga Jos na buɗe rubutun. Na je wurin mai gadin, na ga ashirin. Na goge na sa ɗari biyu. Na roƙi Firinsifal ya ba ni mai na rabin yini, ya ba ni. Hannuna yana kan maɓalli. Sai na tuna ka ce kati zai ƙone, kuma ba na ajiya. Na mayar da ashirin, na aika a kira ka." Ta dube ni sosai a karo na farko. "Ɗari biyu, da ya yi?"

Na gwada ɗari biyu a shago a wancan lokacin, na san amsar.

"Da ya yi, Malama."

Ta sunkuya ta ɗebo citta ta baza. Sannan ta ce, "To ka matsa gefe, kana tare mini rana."

Na matsa. Ba ta sake ɗago kai ba har na tayar da mashin.

Kun sha tambayata me ya sa nake tsawa in ɗayanku ya canja lamba bai rubuta dalili a samanta ba, me ya sa kuma ba na yarda a shigo mini da reza shago ko don feƙe waya. Ga filaya can a kan tebur. Ku yi da ita.